"Tanti, Tana Kuka": Yadda Rairai Da Ruwa Suka Cinye Daɓen Studiyonmu

Da yawanku muryata kuka sani a rediyo, yau kuma ga ni da rubutu. Labarin da zan ba ku na sha ɗaura niyyar faɗinsa a gaban mikro, in lokaci ya yi sai in canza magana.

Abin da ya tayar mini da shi, shekaranjiya na tsaya sayen ruwan sanyi a wani shagon kwantena wajen Château 1, nan Plateau. Ina taka gaban firigo na ji daɓen ya lotsa ƙarƙashin ƙafata. Na duba, sai ga sabon tapi an shimfiɗa daidai wurin. Na ce wa mai shagon, "Malam, katakon nan ya ruɓe fa." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai shi ya sa na saya masa tapi." Na karɓi canjina na fito shiru, don da bakina na taɓa faɗin irin wannan magana, kuma wani ne ya biya kuɗinta.

Gidan rediyon da nake aiki yana da wata rimok, wato ɗaki mai taya da ake ɗaura wa mota a baya tana ja. Turawa karaban suke ce mata, yawon hutu suke yi da ita, ciki akwai gado da wurin girki da bayi. Irinta ba ta da yawa a Yamai. Ni farkon ganina da motar da ake kwana a cikinta ina ƴar firamare ne, a watan Janairun 2000, lokacin da tseren motocin Dakar ya tsaya a nan, aka kwashe motocin cikin manyan jiragen sama zuwa Libiya saboda barazanar tsaro a arewa. Tamu an saye ta ne hannun wani Bature, ma'aikacin wata ƙungiya da kwangilarsa ta ƙare. Ƙirar Amurka ce, daga yankin Elkhart na jihar Indiana, inda ake ƙera mafi yawan irinsu. Aka cire gado da kujeru, aka manna soso a bango, aka kafa tebur da mikro huɗu, ta zama studiyo mai yawo.

Abin da ya fi burge jama'a a jikinta, wani sashe ne a gefe mai kama da durowar tebur. In an tsaya aka danna maɓalli, sai bangon ya fita waje da kusan santimita 90, da daɓensa da rufinsa, ɗaki ya ƙara faɗi. In za a tashi a sake dannawa ya koma ciki. Tun wajen 1990 Amurkawa suka fara yawaita wannan dabara. Mu "aljihu" muka raɗa masa. Duk inda muka sauka, Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, ko bakin filin kokowa, sai yara sun taru su ga ɗaki yana haihuwa.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake aiki, don sai da shi za ku gane sauran labarin. Aljihun nan akwati ne mai nauyi, tsawonsa wajen mita 3. Wani ƙaramin inji mai aiki da bateri ne yake tura shi ta kan ƙarafa biyu masu haƙora da ke ƙarƙashin rimok ɗin. Nauyinsa kuwa yana kan wasu ƴan tayoyin roba masu tauri, makanikai na ce musu rulo, da ke jere a bakin ƙofar da yake fita. In yana shigowa, daɓensa hawa yake yi bisa babban daɓen ɗakin, yana zamewa a kan ledar da aka shimfiɗa. Tsakaninsu tazara kaɗan ce, da kyar yatsa ya shiga. A kewayen ƙofar kuma akwai roba iri biyu: ɗaya mai faɗi kamar ta goge gilashin mota, tana share bango da rufi in aljihun na motsi, ɗaya kuma kamar tiyo, tana matsewa in an rufe don kada ruwa ya samu hanya. Daɓen kansa ɓarɓashin katako ne da aka matse da gam aka yi falle da shi. Muddin a bushe yake yana da ƙarfi, in ya sha ruwa kuwa sai ya kumbura kamar burodi a cikin shayi.

Duk wannan bayani daga baya na san shi. Baturen ya tafi da littafin motar, mu maɓalli kawai aka nuna mana.

Ni ce mai kula da shirye-shiryen waje, don haka makullin rimok ɗin a jakata yake kwana. Muna da direba, da mai kula da na'urori, sai wani yaro ɗan shekara 19 da yake koyon aiki. Ba shi da takardar ɗauka, in an fita ne ake ba shi na sabulu. Shi ke naɗe waya, shi ke shara, shi ke dafa shayi, kuma shi ke danna maɓallin aljihu.

Wata rana cikin hunturu, mun gama shiri muna haɗa kaya, ya zo ya tsaya gefena ya ce, "Tanti, tana kuka."

Na ce, "Wa ke kuka?"

Ya ce, "Motar. Saurara ki ji."

Ya danna maɓalli. Gaskiya na ji wata ƙara, gurrr, kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Ya nuna mini layi biyu da suka fito a kan ledar daɓe, tun daga bakin bango har tsakiyar ɗaki. Ya ce rairai ne ke shiga ƙarƙashi, in za a riƙa ba shi minti goma kafin a rufe, zai share ƙasa ya kuma hau sama ya kakkaɓe ganye. Direba na waje yana danna oda, ni kuma ina da labaran ƙarfe takwas. Na ce, "Ƙanena, mota ce fa, ba ɗakin amarya ba. Gobe ka je Babbar Kasuwa ka sayo tapi a rufe wurin." Na ba shi jika 6 daga aljihuna, har ina jin na yi abin kirki. Ƙarar kuma muka kai wa wani bakanike, ya lafta wa rulo da ƙarafan giris, ta yi shiru na ƴan makonni. Bayan nan yaron ya ƙara yi mini maganar sau biyu. A na ƙarshen na ce masa ya cika naci.

A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe Yamai saboda korona, fita ta tsaya. Muka ajiye rimok ɗin a harabar gidan rediyo ƙarƙashin wani babban dogon yaro, muka buɗe aljihun muka bar shi a buɗe, ya zama ƙarin ofis don a rage cunkoso. A haka zafin Afirilu ya same shi, a haka guguwar farkon damina ta same shi, a haka ruwan Yuli da Agusta ya sauka a kansa.

Duk wanda yake Yamai ya san daminar 2020. Kogi ya fasa madatsa a Lamorde, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, su Karaje da Kirkisoy. A farkon Satumba ma'aunin kogin ya kai wajen mita 7, alhali daga mita 6 da santimita 20 ake shelar babban haɗari. Mutane suka kwashe abin da ya saura suka cika azuzuwan makarantu. Aka ce mu tsallaka mu yi shiri kai tsaye na awa biyu daga wata makaranta, mutane su faɗi halin da suke ciki da bakinsu.

Mun isa a makare. Filin makarantar rairai ne da ya sha ruwa. Direba ya tsaya inda ya samu, tayoyin gefe ɗaya suka ɗan nutse, rimok ɗin ta karkata. Yaron ya ɗauko katakan da ake sa wa ƙarƙashin ƙafafunta, na ce babu lokaci, saura minti bakwai. Ya danna maɓalli, aljihu ya fita yana rawa. A cikinsa akwai manyan batura biyu da muke ajiyewa saboda ɗaukewar wuta, kowane ya kai nauyin buhun siminti. A kan bencin da ke ciki kuma muka zaunar da baƙi biyar.

Shiri ya yi nisa, wata tsohuwa tana ba da labarin yadda ɗakinta na laka ya zauna cikin dare, ta fito da jikoki uku da tabarma ɗaya. Tana cikin magana muka ji ƙas! Kusurwar aljihun ta faɗa ƙasa da kamar faɗin tafin hannu. Benci ya zame, tsohuwar ta bugu da gefen tebur, wayoyi suka fizge, shiri ya yanke. Na ruga na ɗaga ta, hannunta ya riga ya fara kumbura. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, nan ma rushewa zai yi?"

Shekarata goma sha ina magana a rediyo, ranar na rasa abin cewa.

Aka kai ta likita, Allah Ya taimaka targaɗe ne, ƙashi bai karye ba. Mu kuma muka koma kan rimok. An danna maɓalli, inji ya yi gurnani, aljihu ya ƙi motsi. Aka shiga ƙarƙashi aka gwada murɗa shi da hannu, nan ma ya ƙi, don rulo ɗaya ya huda daɓen ya shige ciki ya maƙale. Faɗin rimok ɗin wajen mita biyu da rabi ne, ga aljihu a waje yana lilo. Gadar Kennedy, wadda tun 1970 take ɗauke da mu, hannu biyu ce kawai, ba ta da wurin irin wannan kaya. Ko ta sabuwar gadar da Sin ta gina muka bi, girgizar hanya kaɗai ta isa ta yar da shi. Dole muka bar ta a can. Kwana uku ta yi kafin a samu masu kirik su ɗaga aljihun su tura shi ciki da ƙarfin tsiya. Wanda ya kwana gadinta dukan kwanakin nan, cikin sauro da ruwan sama, yaron nan ne.

Ranar Litinin direkta ya tara mu. Ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya: an ji wa baƙuwa ciwo, shiri ya mutu a kunnen jama'a, kayan miliyoyi sun lalace. Ya ce, "Wa ke buɗe abin nan?" Aka ce yaro. "Wa ke kula da tsabtarta?" Aka ce yaro. Direba ya ƙara da cewa wataƙila ya bar wani abu a ƙarƙashi ne ya danna. Direkta ya juyo ya ce, "Madam, kina da abin faɗi?" Na ce a'a. Yaron ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Kafin azahar an sallame shi. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina a hanyar gida. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Neman mai gyara ya kai ni kasuwar Katako. Aka haɗa ni da wani dattijo Ba'adare, kafinta, wanda ya shekara talatin yana yi wa manyan motoci bodin katako. Bai taɓa ganin irin rimok ɗinmu ba, bai kuma ɓoye ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa aka buɗe aljihun a kan kirik, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya hau tsani ya duba sama. Sannan ya shiga ciki ya yaye tapi. Wani wari ya taso kamar na rumbun da ruwa ya shiga. Ya ɗauki turnabis ya soka a daɓe, ya shige kamar cikin tuwo.

Ya ce, "Ɗiyata, wanga aiki ba na kwana guda ba ne. Damina biyu aƙalla. Wa ya shimhiɗa tapin ga?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To katako ya yi magana, ke kinka rufe mishi baki."

Daga nan ya bi da ni wuri-wuri yana nuna mini. Layukan nan biyu sun zama kwari. Duk ƙwayar rairai da ta shiga tsakanin aljihu da leda, nauyin aljihun na danne ta ya ja ta, ta zama kamar takarda mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita. Buɗe ɗaya, rufe ɗaya, har leda ta tsage. Mu kuma muna wanke ɗakin da bokiti, ruwa na bi ta tsagar yana shiga katako, tapi na riƙe danshi a kai ya hana shi bushewa. A wuri ɗaya ma ya ciro wata ƴar bis da ta kwance daga ƙasan aljihun, kanta ya leƙo, ita kaɗai ta yi nata layin.

Sai ya kai ni waje ya nuna mini robar sama. Rana ta gasa ta, ta yi tauri, ta tsattsage kamar diddige a hunturu. A bayanta ya kwaso ganyen dogon yaro da ƴaƴansa da ƴan tsinke cike da hannu. Duk ranar da aka rufe aljihu ba a share rufinsa ba, wannan shara ciki take shigewa, ta yage roba, ta buɗe hanya. Ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga." Ruwan sama ya bi ta nan, ya gangara ta gefen bango, ya taru a bakin katakon ƙasan aljihun, inda babu fenti babu leda. Can ɓarnar ta fi yawa, kuma can ne babu mai leƙawa.

Na ƙarshe rulo ne. Giris ɗin da aka lafta ya kama rairai ya zama kamar kwaɓin siminti, biyu daga cikin rulo suka daskare suka daina juyawa. Tun daga lokacin jan katakon suke yi suna gurzarsa. Ga nauyin batura a kansu duk tsawon hanyoyi masu gargada da muka bi, kowane rami sai sun daki katako a wuri ɗaya har suka yi masa gurbi. Ranar Harobanda, da rimok ta karkata, nauyin batura da na mutum biyar ya taru a kan rulo ɗaya, a bisa katakon da ya riga ya mutu.

Na tambaye shi, "Baba, da yaro ya bar wani abu a ƙarƙashi, zai iya jawo wannan?"

Ya dube ni ya ce, "Wane yaro? Tsintsiyar dala 20 ta ishe ku tun farko."

Gyaran ya ɗauki mako uku, kuma kullum in na sauka daga aiki ina wurin. Ga yadda aka yi, ko wani zai amfana. Da farko an tokare aljihun daga waje da kirik biyu da doguwar azara, aka ɗaga shi kaɗan don ya bar kan rulo. Baba ya yanke duk katakon da ya ruɓe, yana bi yana sokawa har ya kai inda turnabis ya ƙi shiga, sannan ya ƙara gaba zuwa kan ƙarfen da ke ƙarƙashi, don sabon katako ya samu wurin zama. Ya ce faci a kan iska ba ya daɗewa. Aka bar wurin a buɗe kwana bakwai da fanka ya bushe sarai. Na so a gaggauta, ya ƙi, ya ce in an rufe danshi a ciki aikin banza aka yi.

Sabon daɓen kontirplake ne mai kaurin milimita 18, irin wanda gam ɗinsa ke jure ruwa. Kafin a kafa shi an shafe shi da rezin sau biyu, musamman bakin yankan, don ta nan katako ke shan ruwa. An ɗaure shi da bis marasa tsatsa, kowace an nutsar da kanta ta yi daidai da katako. A ƙasan aljihun, daidai layin da kowane rulo ke bi, an manna falle na alminiyo mai faɗin tafin hannu, aka karkata bakinsa don rulo ya hau ba tare da tuntuɓe ba. Yanzu ƙarfe ke ɗaukar gurza, katako ya huta. Rulo biyun da suka mutu wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya fiƙe mana sababbi da roba mai tauri. Robar kewaye ce ta ba mu wahala, babu irinta a kasuwa. Muka lallaɓa da ta ƙofar bas, sai bayan wata biyu wani ɗan uwa ya aiko da ta ainihi daga waje. Aka auna tazarar aljihun hagu da dama aka daidaita, don in gefe ɗaya ya riga ɗaya shiga, to karce daɓe zai yi. Leda kuma falle ɗaya aka sa, an manne ta gaba ɗaya, babu haɗi a kan hanyar aljihu. Daga ƙarshe Baba ya yanko dogayen falle biyu daga jikin tanon roba, ya gasa su ya miƙar, ya ce duk za a rufe a shimfiɗa su a ƙasa aljihu ya hau kansu. Kuɗin duka ya haura jika 400.

Ranar da aka gama na ɗauki guntun ruɓaɓɓen katakon na shiga ofishin direkta na ajiye masa a tebur. Na faɗa masa komai: maganar "tana kuka", minti goman da na hana, tapin da na saya, katakan da na ce kada a sa a Harobanda. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Me ya hana ki faɗi ranar?" Na ce tsoro. An ba ni takardar gargaɗi, tana nan cikin dosiyena har yau, kuma na cancance ta.

Sai da na yi wata guda ina cigiya kafin in samu yaron, a wani garejin walda wajen Wadata. Na ba shi haƙuri a gaban maigidansa. Na miƙa masa kuɗin kwana ukun da ya yi gadi, da abin da na ƙara daga albashina, na ce direkta ya ce ya dawo, wannan karon da takarda. Ya karɓi kuɗin da hannu biyu ya ce, "Ba komai Tanti, ya wuce." Sai ya ce, "An canza robar sama?" Na ce an canza. Ya ce, "To madalla, ita ce ta fi damuna." Komawa kam bai koma ba. Ya ce nan in ya ce ƙarfe ya tsage, ana zuwa a duba. Yau yana da nasa wurin, da yara biyu masu koyo a hannunsa. Muna gaisawa, yana girmama ni, amma na san akwai abin da rezin ba ya toshewa.

Rimok ɗin tana aiki har yanzu, daɓenta lafiya lau. Ga ƙa'idodin da muka rubuta muka manna a bayan ƙofa.

Na farko, ba a buɗe aljihu sai an daidaita mota. In ƙasa mai laushi ce a sa katako ƙarƙashin taya da ƙafafu. In babu ma'aunin magina, kwalbar ruwa rabi a kwance ta isa ta nuna inda aka karkata.

Na biyu, ba a rufewa sai an share daɓe, an leƙa ƙarƙashin bakin aljihu da tocila, an hau tsani an kakkaɓe rufinsa. Minti goman nan yanzu suna cikin jadawalin shiri, kamar talla.

Na uku, kaya masu nauyi ba sa tafiya a cikin aljihu. Batura sun koma kan aksil. Kuma ba a taka shi in yana rabin hanya, ko dai a buɗe shi duka ko a rufe duka.

Na huɗu, babu giris babu baƙin mai a kan rulo da roba. Giris na tara rairai, man fetur da danginsa suna cinye roba. Akwai feshin silikon da ke bushewa, shi ake sa wa, bayan an wanke robar da ruwa da sabulu.

Na biyar, a tabbata bateri a cike yake kafin a danna. Inji mai yunwa tsayawa yake a hanya, ya ja aljihu a karkace.

Na shida, tsumma mai ɗan danshi ake goge daɓe da shi, an daina kwara bokiti. In za a daɗe ba a fita ba, a rufe aljihu, kuma a nisanci gindin itace. Kafin damina da bayanta a bi roba da yatsa, a bi katako da turnabis.

Na bakwai, in an ji sabuwar ƙara ko an ga sabon layi, a saki maɓalli nan take a duba. Duk wanda ya ji, ko mai shayi ne, yana da ikon tsayar da aiki.

Na san kaɗan ne daga cikinku ke da karaban. Amma dubi yawan shaguna da ofisoshin kwantena a garin nan. Daɓensu katako ne mai kaurin milimita 28, yana da ƙarfi ƙwarai, duk da haka ruwan firigo da ke ɗiga kullum da jan kaya a kan rairai suna gamawa da shi. Dubi motocin ɗaukar marasa lafiya, inda tayoyin gado ke bin layi ɗaya shekara da shekaru. Dubi bas-bas ɗinmu da ake wankewa da tiyo, ruwa na kwana ƙarƙashin leda. Yawancin kayan nan an ƙera su ne don ƙasashen da ba su san hunturunmu ba, ba su san ranar da ke haura digiri 40 ba. Suna zuwa mana ba littafi, wanda ya fi kusa da su kullum shi ne mai shara da ɗan koyo, kuma su ne ba a tambaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Jiya da yamma na koma shagon kwantenan nan da turnabis a jakata. Na ce, "Malam, don Allah ɗaga tapin nan mu gani." Ya yi ta dariya, ya ce ƴan rediyo ba ku rabo da neman labari. Da ya ɗaga, dariyar ta tsaya. Yaron shagonsa da ke tsaye a gefe ya ce, "Ai na faɗa maka tun azumi." Na ba shi kwatancen rumfar Baba a Katako.

Ku ma in akwai inda kuka shimfiɗa tapi don kada ido ya gani, ku ɗaga shi yau kafin ruwa ya sauka. In kuma akwai wanda ya taɓa ce muku "tana kuka" kuka kore shi, ku neme shi tun yana kusa. Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a shiri na gaba.